Bangon Zanen Yaran Gummi

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na kafa allon zane a cibiyar matasa ta Gummi ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, damina ta ɗauke, ina kafinta a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ban kai ga zama fomen ba tukuna.

Ku kafintocin da kuka shigo aiki daga baya kun san tsarin: shugaban sashe ya sa hannu, fomen ya ba ka aiki, ka je sito ka karɓi kaya. Wannan aikin bai bi ta nan ba. Malama Hassana, mai kula da cibiyar, ita ta same ni a shago da kanta. Ta ce yara na zane a bayan takardar buhun siminti, tana tarawa a kwali, gara na cinyewa. So take a sami bango guda da za a riƙa liƙawa, iyaye su gani. Na ce zan zo ranar hutuna in yi kyauta, saboda Allah. Fomen ɗinmu ya yarda na kwashi ragowar katako da silin da aka cire daga wani tsohon ofis.

Na haɗa firam, na bar tazara tsakaninsa da bango saboda danshi, na shafa baƙin mai a ƙafafun don gara. Ina fama da allon ƙarshe ni kaɗai, sai ga wani mutum ya shigo da zafinsa. Malam Ɗanjuma ne, masunci. Ya zo ne ya tafi da 'yarsa Balkisu, ɗaya daga cikin yaran da ke zane, kuma ya ce ta bar zuwa ke nan.

"Malama, mi a amfanin wanga abu? Innarta na can tana bandar kifi ita ɗai, ɗiya na nan tana wasa da gawayi!"

Malama ta yi ta ba shi haƙuri, bai saurara ba. Balkisu ta sa takalmi, ta tsaya bakin ƙofa kai a sunkuye. Ni ba hurumina ba ne, kuma allon na neman suɓuce mini. Na ce, "Malam, don Allah kama mini gefen nan kafin ku tafi."

Ya kama. Na buga ƙusoshi. Muna gamawa Malama ta ɗauko zane guda ta liƙa don gwaji, daidai gaban fuskarsa. Kwalekwale ne a bakin gulbi, da facin gwangwani a hancinsa, da igiya shuɗiya.

Malam Ɗanjuma bai saki allon ba, ko da yake ya riga ya kafu. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wanga?"

"Balkisu," in ji Malama.

"Jirgina na. Ruwan bana ya tahi da shi." Ya kai yatsa kan facin, bai taɓa ba. "Har hwacin ta tuna. Ni da ita munka buga shi."

Can ya juya ya dubi 'yarsa.

"Ranar aiki kina gida wurin Inna. Asabar ki zo."

Ya roƙi a sa zanen inda rana ba za ta dusar da shi ba. Na matsar da shi ƙarƙashin inuwar rufin kwano, suka tafi tare.

Na yi teburan manya, na yi ƙofofin ofisoshi, wasu har an yaba. Ranar nan mutum ya riƙe aikina da hannu biyu, bai ko lura da shi ba, kuma ban taɓa komawa gida da daɗin aiki irin na ranar ba. Shi ya sa nake ce muku, in kuna haɗa katako, ku riƙa tambayar abin da za a ɗora a kai, da wanda zai tsaya a gabansa.