Sanarwar Bijimin Goggona

Shekarar da na dawo Magariya daga karatu a Damagaram, ƙungiyar makiyayan yankinmu ta ba ni wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, suka ce in yi musu dabarar cigiyar dabbobin da suka ɓace.

Na rubuta wa na'urar ɗan tsarin aiki. A harshen na'ura da nake rubutun akwai abin da littattafanmu na Faransanci ke kira delege, wato wakili. Kana ɗaura masa aiki, in lokaci ya yi sai ya kira aikin a madadinka. Wakilina na farko aiki ɗaya gare shi. Da cigiya ta shigo, sai ya tura saƙo telefon ɗin shugaban ƙungiya, shi kuma ya yaɗa da baki. Ya yi amfani, sai dai shugaban yakan kwana a ruga inda babu rezo, waya ba ta kamawa.

Don haka na mai da shi wakili mai ayyuka da yawa. Kira ɗaya ne, amma ayyukan na jere, yana bin su bi da bi: shugaba, ardon Dogo-Dogo, dillalan kasuwar Dantchiao. Irin wannan wakilin yana da hali. In ɗaya ya faskara a tsakiya, na bayansa ba sa tashi, kuma amsar na ƙarshe kaɗai yake dawo maka da ita. Na yi kwanaki ina gyara har kowane aiki ya tsaya da ƙafarsa.

Da kaka ta yi, bijimin goggona, ƙanwar babana, ya tsinke igiya. Da shi take huɗa tun rasuwar mijinta. Ta zo ofis da mayafi a karkace, ta siffanta shi: ja ne, ƙahon hagu a guntule. Na shigar. Saƙon shugaba bai tafi ba, sauran suka tafi. Kafin la'asar wani dillali ya kira, ya ce ga shi nan ɗaure gindin gawo.

Da muka dawo da shi, babana ya tambaye ni yadda aka yi. Na yi masa bayani. Ya shafa gemu, ya ce:

“Wato ɗaya ka aika, ya shiga gida uku?”

“Haka ne, Baba.”

Ranar Juma'a na ji shi a ƙofar masallaci yana ba abokansa labarin. A bakinsa gidajen har sun kai goma, ban kuwa gyara masa ba.