Lemun da Ke Cikin Rabin Duro

Shekara goma sha bakwai muna maƙwabtaka da Baba Mai Dashe a bakin titi ɗaya, ni da injin iskata da tulin tsofaffin tayoyi, shi da layukan baƙaƙen ledojinsa. Ni mai faci ne, abin da na sani game da itace bai wuce inuwarsa ba. Amma duk wanda ya zauna kusa da Baba sai ya koya ko bai so, don bakinsa ba ya gajiya da zancen shuka.

Wurin nasa siriri ne, tsakanin kwata da katangar wata ma'aikata. Nan ya jera mangwaro da gwaiba da gwanda da furanni iri-iri. Ruwa kuwa sai an zagaya bayan katanga, jarka biyu a baro, sawu nawa ne a yini Allah kaɗai ya sani. Rabin itatuwan unguwar nan daga hannunsa suka fito. Shi kuwa ɗaki biyu yake haya, a gidan da aka malale tsakarsa da siminti, ko ciyawa ba ta samun wurin tsira.

Dokarsa ɗaya ce: duk mako biyu sai an ɗaga kowace leda an sauya mata wuri.

"In ka bar ta ta zauna," in ji shi, "saiwa za ta huda leda ta kama ƙasa. Ranar da mai saye ya zo ka fizga, ka tsinke ta, ka yi kisa."

Wallahi na ji wannan karatu har na haddace.

A ƙarshen layin akwai wani lemun zaƙi da ba na sayarwa ba. Ya raine shi tun shekarar da autarsa ta shiga firamare, yau ga ta tana koyarwa. Daga leda ya koma bokitin fenti, daga bokiti ya koma rabin duro. Masu manyan motoci sun taya, Baba ya ce a'a.

"Na gidana ne. Ranar da na samu fili, shi zan fara dasawa kafin a sa bulo ko ɗaya."

Ni kuma in ce, "Baba, lemun nan zai riga ka tsufa a gidan haya." Sai ya jefe ni da ɓawon gwanda.

Duron ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ni nake kama masa mu ja shi taku biyu. Da farko duk mako biyu. Da bayansa ya fara ciwo, sai ya koma wata-wata. Daga nan in ya kira ni, sai in ce, "Baba, ka ga taya a hannuna, bari sai gobe." Gobe ta zama jibi. Shi ma ya gaji da roƙo ya yi shiru. Ba zan ɓoye ba, shekara uku duron nan bai motsa ba, kuma da laifina a ciki.

A shekara ta biyu da daina motsa shi, lemun ya yi wani irin kyau. Ganye ya yi shar, 'ya'ya har reshe na rinjaya. Na ce, "Baba, barka! Wane taki ka sauya?" Ya daɗe yana kallon gindin duron, ya ce, "Uhm." Ni da ƙwaƙwalwar taya ban gane komai ba.

Sai ga ma'aikatan hanya da jan fenti. Za a faɗaɗa titi, mako ɗaya kowa ya kwashe nasa. Ba wanda ya yi gardama, duk mun gaji. Wata mai makaranta da ke sayen furanni a wurinsa ta ba shi aron lungu a bayan ajujuwa. Kwana biyar yana jigilar ledoji, yana tafe yana dafe ƙugu.

Rana ta shida aka zo kan duron. Ni da direban motar kaya da masu lodi biyu muka kama. Ko gezau. Muka sake, har jijiyar wuyana ta tashi. Direba ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Kai! Baba, ai gindin duron ya ruɓe. Ga saiwa nan kamar damtsena, ta shige ƙarƙashin kwata."

"Na sani," in ji Baba.

"To a kawo adda mana."

"In ka sare ta, gawa za ka loda."

"A haƙa fa?" in ji ni.

"Ka fasa kankaren gwamnati?" in ji Baba.

Direba ya duba agogo, ya ce shi yana da wani lodin. Suka tafi. Na tsaya kamar an dasa ni, kunya ta hana ni haɗa ido da Baba.

Can sai ya ce, "Mai Faci, ara mini guduma da cizal."

Na ɗauka saiwar zai yanke. Ashe duron zai tsaga. Ya zauna a ƙasa yana bugu yana hutawa, yana bugu yana hutawa. Na karɓa na ƙarasa masa, muka ɓare ƙarfen gida biyu. Ya turo ragowar ƙasa da taki a baro, ya tara a gindin lemun, ya daddanna da ƙafa, ya yi masa gurbin ruwa da tafin hannu, yadda na ga yana yi a gidajen mutane. Sannan ya juye masa jarka guda.

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba! Jibi fa katafila za ta zo. Wahalar me kake ba kanka?"

Ya goge hannu a riga.

"Na sani, ɗana. Shekara goma sha shida ina ce masa ya jira gida. Shi ya gaji, ni ma na gaji. Na dasa wa kowa a garin nan. Bari dai a ce na dasa nawa."

Ya kalli jarka ta biyu, ya kai hannu, bayansa ya ƙi. Ni na ɗaga na zuba.