Yinin Kaka Tasalla da Surukinta a Birnin Katsina

A gidanmu na Yasore, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai mu yara mu nufi ɗakin Kaka Tasalla, mahaifiyar babanmu. Takan hura wutar kara, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta muna ture juna. Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa, amma abin da na fi riƙewa ba tatsuniya ba ne. Labarin zuwanta birnin Katsina ne, tun Turawa ba su zo ba, tun sarki na aika gaisuwa Sakkwato.

Tana amarya a lokacin. Surukinta, Malam Jatau, yanar ido ta rufe masa gani, aka kuwa ce akwai mai maganin ido a birni. Kakanmu, mijinta, ya ɗora mahaifin nasa a jaki, suka bi ayarin fatake, aka tafi da ita don ta riƙa dama musu fura a hanya. Suka shiga ta Ƙofar 'Yandaka da hantsi. Mai maganin ya buɗe idanun tsohon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan sai haƙuri.

Kakanmu ya bar su a zauren masauki, ya tafi sayar da bijimin da ya zo da shi. Tsohon ya kishingiɗa har ta ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, "Ɗiyata, na taɓa ganin garin nan ina saurayi. Ba zan koma gida ban zaga shi ba. Kama bakin sandar nan."

"Ku fa ba ku san kunya ba," in ji Kaka, tana juya gyaɗa. "Mutumin da ko muryata bai sani ba. In na hango shi durƙusawa nake yi, in sunkuyar da kai har ya wuce."

Ta kama sandar, suka fita. Ya tambaye ta me take gani, ta ce a hankali, "Gidaje, Baba."

"Wannan ba gani ba ne. Gidaje wane iri?"

Da kaɗan-kaɗan bakinta ya buɗe. Ta gaya masa sorayen da aka yi wa zane a goshi, da hasumiyar Gobarau da sai ta dafe kallabi kafin ta ga ƙarshenta. A marina ta ce hannuwan mutanen shuɗi ne har gwiwar hannu. Ta ga Buzaye sun durƙusar da raƙuma suna sauke gishiri. Ya ce da akwai wata tsamiya kusa da rijiya a wajen. Ta duba, ta ce tana nan, awaki na kwance a gindinta. Tsohon ya yi dariya.

Bayan azahar ya ɗaga hanci, ya ce ta bi ƙamshin nan. Wata mata ce ke tuyar funkaso a inuwar durumi. Kaka ba ta taɓa ɗanɗana alkama ba. Aka zuba musu akushi biyu da miyar taushe. Ta ajiye masa nasa, ta koma gefe ta rufe nata, don ba a cin abinci gaban suruki.

Ya yi loma biyu, ya dakata. "Ban ji kina ci ba."

"Na ƙoshi, Baba."

"Tun a marina cikinki ke gaya mini ba haka ba ne. Ai ba na ganinki."

"Kuna ji, Baba."

A nan mukan kwashe da dariya, ita ma ta taya mu. Ta ce sai tsohon ya juya mata baya, ya ɗaga murya yana rera begen Annabi da ƙarfi, har masu wucewa na waiwaye. Muryar kuwa, in ji ta, ba daɗi ko kaɗan. Ta buɗe akushi ta ci, ta suɗe miyar tas. Bai yi shiru ba sai da ta ɗan ja sandar. Washegari suka kamo hanyar gida. Malam Jatau bai sake gani ba har ya rasu, amma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labarin birni, da kalmomin da ta ba shi.

Muna yara, funkason kawai muke ji a labarin, mu kwana muna haɗiyar yawu. Sai da na manyanta, ranar da likita ya gaya mini ƙafafuna ba za su koma yadda suke ba, na dawo gida ban ko amsa gaisuwar jikokina ba, sannan Malam Jatau ya faɗo mini a rai. Shi ma da safiyar ranar aka yanke masa ƙauna, amma bai hana shi jin yunwar yarinyar da ke jan sandarsa ba. Bai kuma tilasta mata ta yar da kunyarta ba, hanya ya nema mata ta ci da mutuncinta. Na daɗe zaune a zaure, sannan na aika a kira mini yaran.