Ramin da Muka Haƙa a Bayan Kafur

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua a Landirobar ma'aikatar gandun daji, bayanta cike da diga da shebur. Aikinmu mu haƙa ramuka a dajin bayan Kafur, mu ga irin ƙasar da ke ciki, mu zana taswirarta. Damina biyu ke nan ana dasa madaci a gefen dajin yana mutuwa, ofis kuwa ya ɗora laifin a kan Baba Ishaku, dattijon da ke renon dashen. An ce in ƙasar ƙalau take, to sakacinsa ne, a bakin aikinsa. Na daɗe da sanin mutumin, kuma raina bai so ba.

Har Bakori titi sumul, manoma na ta sharar gona ana jiran ruwan farko. A Malumfashi muka karya da koko da ƙosai. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, mai ƙosai na hango motar gwamnati sai ƙosanta ya ƙanƙance. Daga Kafur muka saki kwalta, motar ta yi ta wujijjiga mu har kokon ya nemi dawowa.

Baba Ishaku ya tarbe mu duk jikinsa a sanyaye. Muka auna ramin farko yadda aka koya mana, tsawon mutum, faɗin da za a shiga a duba bango. Ko kusa ba mu lura da abin da ya yi kama da shi ba.

Ba mu yi nisa ba sai ga maza daga ƙauye, liman a gaba, kowa da fartanya. Can kuma wasu suka ɓullo ta wajen coci. Ba wanda ya tambayi komai. Aka karɓe digar hannuna, wannan ya sara ya miƙa wa wancan. Ni kuwa na koma inuwa ina ta yabon kirkin mutanen ƙauye. Sai liman ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, Allah ya ba da haƙuri. Wa Baba Ishaku ya rasa?"

Ashe Musulmin sun hango dattijon, wanda Kirista ne, tsaye bakin rami ya sunkuyar da kai, suka ce rasuwar maƙwabta ce. Kiristocin kuma sun ga direbanmu zaune da carbi, suka ce ta Musulmi ce. A garin ba a barin mutum ya haƙa kabari shi kaɗai, kuma sai an kama aiki ake tambaya. Da na yi bayani, dariya har da masu zama dirshan. Mata sun riga sun aiko da kunun gaisuwa, muka shanye abinmu ba wanda ya mutu.

Tunda an taru, aka ci gaba. Ramin bai wuce gwiwa ba diga ta fara ƙara tana tartsatsi: marmara ce shimfiɗe kamar daɓen ɗaki. Duk inda muka sara a wurin dashen, haka. A bakin rafi kuwa baƙar ƙasa har ƙirji, ga 'ya'yan ɗorawa da madaci sun tsiro don kansu. Shugaban tafiyarmu ya ce ko wa ya dasa a kan dutsen nan, saiwa ba ta da hanya.

Baba Ishaku ya shiga ramin, ya shafa marmarar, ya ɗago yana dariya da ƙwalla a ido.

"Ashe ba hannuna ba ne," in ji shi.

Wallahi ni ma sai da na kau da kai. Mai gari ya ce kada mu bar masa ramuka irin waɗannan a buɗe, muka cike su tas kafin mu kama hanya.

Mun shigo Funtua gab da magariba, jajir da ƙasa kamar 'yan kwaɓa. Na koyi cewa mu a ofis mun iya yanke wa mutum hukunci ba mu sara ko diga ɗaya ba, wasu kuwa sai sun taya ka haƙa sannan su tambayi ko kai wane ne. Bana dashe zai koma bakin rafi, kuma Baba Ishaku ne zai dasa.