Ranar da Na Ƙwace 'Ya'yan Matar Ƙanena

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ranar da na tozarta matar ƙanena a tsakar gidanmu ba. Yanzu ma da nake rubutawa kunya ce ke cina.

Ƙanen nawa cuta mai karya garkuwar jiki ce ajalinsa. Lokacin jinyarsa aka gwada matar, aka ce ita ma tana ɗauke da ita. Tana gama takaba ta koma gidan iyayenta a Randagi da 'ya'yanta biyu. Hanya kuma ta lalace, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa karɓa a asibiti ba. Mu dai muna Birnin Gwari muna jiran labarin rasuwarta.

Bayan shekara shida sai ga ta a kan babur tare da yaran, ta zo mana suna, ta yi ɓulɓul, kumatu har sheƙi. Maimakon in yi hamdala, sai zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Mahaifinta ya san sassaƙe da saiwoyin dajin Kamuku, da safe kuma na gan ta tana shan wani jiƙo. Ni da ba na iya haɗiye magana, a gaban mata 'yan suna na ce, "Ashe kuna da maganin, kika zuba ido ɗan'uwana ya mutu?"

Ta ce, "Wallahi Yaya, jiƙon basir ne."

Na ce, "Ki bar mana yaranmu, ba za su tashi a hannun azzaluma ba." Na janye su ɗakina suna ihu.

Ita ce ta roƙa mu je asibiti. Aka ɗebi jininta, muka yi makonni muna jira, yaran na hannuna, ita tana raɓe gidan maƙwabta. Da sakamako ya fito likita ya dube ni ya ce, "Hajiya, cutar na nan, amma jikinta ya danne ta har na'ura ba ta iya ƙirga ta. Akwai mutane 'yan ƙalilan da Allah ya halicci sojojin jininsu da saurin gane wannan ƙwayar cuta, su hana ta yaɗuwa. Halitta ce, ba saiwa ba. Ba abin da za ta iya ba mijinta." Ya ce duk da haka dole ta riƙa zuwa ana duba ta.

Na rasa inda zan sa fuskata. Da na miƙa mata yaran, maimakon ta zage ni, sai ta durƙusa ta ce, "Na gode, Yaya." Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na koyi cewa in abu ya shige mini duhu, in tambayi masu sani kafin in nemi wanda zan ɗora wa laifi.