Baba Iddi da Rakiyar Ofis

Shekara shida ke nan da muka binne Baba Iddi a nan Doha, amma ban taɓa matsuwa in yi masa tambaya kamar bana ba. Tambayar kuwa a kan 'yarsa Rahinatu ce, da takardar zamanta a Turai da ta kusa ƙarewa.

Ga wanda bai san shi ba, Iddrisu ne sunansa, mutumin Zangon Kumasi, makanike a wani gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu. Ni direba ne daga Funtuwa, kuma motar kamfaninmu mai yawan ciwo ce ta haɗa mu. Nakan tsokane shi cewa Hausarsa ta sha wuya a hanya kafin ta isa Kumasi, shi kuma ya ce mu 'yan Najeriya baki ne da mu, ba ma iya canza ko taya.

Rakiya ce aka san shi da ita. Idan aka kira ma'aikaci ofishin kamfani, ko kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin ma'aikaci, ya riƙe wa wani fasfo, sai Baba Iddi ya wanke hannu da sabulu, ya sa farar rigarsa, ya ɗauki wani tsohon fayil ya bi mutum. Ba lauya ba ne. Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba. Zai nemi kujerar baya ya zauna, ya ɗora fayil a gwiwa, ba zai ce uffan ba har a tashi. Na taɓa buɗe fayil ɗin a ɓoye, na tarar ba komai a ciki sai jadawalin lokutan salla. Ya raka 'yan Zango, ya raka mu, ya raka 'yan Nepal, ya raka wani mai gadi Kirista ɗan Uganda da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba.

Ni ma an raka ni, ranar da aka ɗora mini lotsewar motar da ba ni na buga ba. Manajan ya fara da tsawa, sai ya ɗaga ido ya ga dattijo da fayil yana kallonsa. Muryarsa ta sauka. Ban yi nasara duka ba, amma an bar ni na kai ƙarshen maganata, abin da ba a taɓa bari na yi ba a ofishin nan.

Rahinatu tana kula da tsofaffi a wani gida a wata ƙasar Turai, ta ce kada in ambaci sunanta. An yi zaɓe a can, jam'iyyar da ta yi kamfe da ƙyamar baƙi ta shiga gwamnatin haɗaka, ta samu ministoci. Mutanen unguwarsu ba su zauna ba. Wasu sun fita zanga-zanga, wasu kuma sun buɗe jerin sunaye: duk baƙon da aka kira ofishin shige da fice, a samu masu binsa. Wata malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda Rahinatu ke kula da mahaifiyarta, ta roƙe ta ta shiga, ta riƙa yi wa 'yan Afirka ta Yamma tafinta. Duk mai rakiya ana rubuta sunansa a ƙofa. Ita kuwa saura wata uku takardarta ta je gaban mutanen wannan ofishin.

Ta kira ni ranar Juma'a, ina bakin tashar masunta a Wakra ina jiran fasinja. Ban bari ta gama ba na ce, "Rahinatu, ki rufa wa kanki asiri. Su ƙasarsu ce, ke fa?"

Ta ce, "Kawu, da Baba na nan, haka zai ce?"

Na ji haushi. Kwanaki na yi ina juya abin a bayan sitiyari. Na tabbata da farko Baba Iddi mamaki zai yi. Mu a nan ba a ɗaga kwalin zanga-zanga, abin da ya iya yi shi ne zama a kujera, sai ga 'yan ƙasa da takardarsu lafiya lau suna barin aikinsu su zauna a bayan baƙo. Zai so ya san su wane ne. Zai tambaya ko suna magana ko shiru suke yi, kuma me ke cikin nasu fayil ɗin. Zai kuma tambaya, da gaske ba da gatse ba, ko masu jefa wa jam'iyyar nan ƙuri'a sun san hannun da ke juya iyayensu a gado.

Da ma yana raye in ba shi labarin wani Bature da na ɗauka a Lusail. Yana zaune a bayan motata yana gaya mini cewa irin wannan jam'iyyar ya zaɓa, wai baƙi sun cika ƙasarsu. Katin zamansa a Katar irin nawa ne sak, na gan shi a ƙofar gini. Baba Iddi sai ya sa na maimaita labarin sau uku.

Amma zai tura 'yarsa? Nan ne na cije. Sai na tuna wata rana da na shirya bin sa rakiyar wani mai walda ɗan Bangladesh, a lokacin ana duba sabunta kwantiragina. Ya tare ni a ƙofar gareji ya ce, "Kai takardanka na kan tebur. Yau ba ka rakiya, kai ne za a raka. Khalas, magana ta ƙare." Ashe yana da doka, ni ne na manta.

Na kira Rahinatu na faɗa mata. Na ce, "Kin gaya wa malamar nan cewa taki takardar ta kusa ƙarewa?" Ta ce a'a, kunya take ji, ita da ake kallo a matsayin mai taimako. A nan na ji ubanta sak, kuma raina ya ɓaci da shi, Allah Ya yafe mini. Mutumin da ya raka rabin Sanaiya, shi kaɗai ya je asibiti ranar da likita ya gaya masa abin da ke cikinsa. Wata biyu yana zuwa yana dawowa, babu wanda ya sani sai da ya faɗi a gareji. Har yau abin yana ci mini rai. Na ce mata, "Wannan halin nasa kada ki gada."

Ta gaya wa malamar da masu rakiyar. Ranar da ta kai takardunta, mata uku suka bi ta, ɗaya da sandar dogarawa. Ta ce ba wadda ta yi magana, amma an ba ta kujera, an saurare ta har ta gama.

Ban san ko zaman kujera zai iya da gwamnati ba. Baba Iddi bai canza dokar kowa ba, garejin ma ya koma wurin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya rage nasa shi ne mutane irina, warwatse a ƙasashe, da suka san yadda ofis yake idan akwai wani a bayanka. Ina kuma jin kunyar cewa a shekara shidan nan ban raka kowa ba.

Har yanzu amsar takardar Rahinatu ba ta fito ba. Shekaranjiya ta kira ta ce ba za ta jira ba, akwai wata mata 'yar Nijar da aka kira ranar Litinin, ba ta jin yaren ƙasar, za ta raka ta. Na tuna mata dokar ubanta. Ta ce, "Kawu, an riga an raka ni."

Na buɗe baki in hana ta. Abin da ya fito shi ne, ta ci abinci kafin ta fita, zaman ofis yana da tsawo.