Layin da Kawu Ya Goge

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara goma sha tara ya yi a lungu ɗaya na shagon buga alluna, bayan injin yankan sitika, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Da can da buroshi yake rubuta allo. Da kwamfuta ta shigo, sa'o'insa suka watse, shi kuwa ya sayi tabarau ya zauna ya koya.

Aikinsa fayilolin SVG ne, irin zanen nan da ko an ja shi ya kai faɗin bango ba ya dushewa. Mu a manhajar zane muke jan layi mu wuce. Shi fa? Sai ya buɗe cikin fayil ɗin, rubutu da lambobi zalla, ya canja lamba biyu, ka ga layin da ya karkace ya miƙe. A can ƙasa kuma, a wani layi da ba ya fitowa a zane, yakan rubuta: "Hannun Mai Tabarau." Ni kaɗai ya nuna wa, da yake ni ce a kan injin yanka.

Ana nan sai ɗan maigida ya dawo daga karatu, da turarensa da takalmi mai tsini. Ba a yi wata uku ba aka buga littafin tallan shago, zane ɗari huɗu, a bangonsa an rubuta wai shi ya zana. Mutumin da ko da'ira ba ya iya rufewa! Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, shiru za ka yi?"

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shaidata na ciki."

Washegari ya yi wa maigida iso har lungunsa, ya buɗe fayil ya nuna masa layin. Ya buɗe na biyu, na uku. Maigida bai musa ba, kuma wallahi da ya musa da abin ya fi min sauƙi. Dariya ya yi.

"Ashe har da ɓoye-ɓoye, Malam? To madalla da ka nuna min. Wani kamfani zai karɓi fayilolin nan, kar su gani su rikice. A cire."

Ɗan gatan ne ya fara cirewa. Garin gaggawa ya haɗa da layukan lambobin da ke sama, tsuntsun da ke tambarin wata makaranta ya wayi gari ba kai, ba fiffike ɗaya. Sai maigida ya dawo lungu, ko kunya babu: "Malam, kai ka sa, kai za ka cire."

Na ja Kawu gefe. "Ka bar musu shi a lalace! Su gyara, tunda su suka zana."

Ya nuna kwamfutar, ya ce, "To shi tsuntsun, me ya yi min?"

Kwana uku ya yi yana goge sunansa, fayil bayan fayil, a hankali don kar ya taɓa lambar kusa. Na tsani shagon nan a kwanakin, har shi Kawun na ji haushinsa. Da ya kai na ƙarshe sai ya kira ni.

"Zo duba min, idona ya gaji. Ban ɓata musu komai ba, ko?"

Na duba sama da ƙasa, ina fatan in ga ko ɗigo ɗaya ya goce. Babu.